Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya: Tarihinta da Rabon Kaduna a Cikinsa

Wataƙila wani ya ga kan wannan magana ya ce, "Me ya haɗa mujallar Ƙungiyar Hausa da wasan tamaula?" Amsar da zan ba shi ita ce, duk abin da ya isa ya hana ɗalibi shiga lacca, ya sa mai shayi ya bar tukunya bisa wuta ya nufi gidan kallo, to, lalle ya isa a rubuta tarihinsa da Hausa. A yankinmu na Taba da Kudan da Makarfi har zuwa Ikara, yaro ɗan shekara goma sha biyu zai jero maka 'yan wasan Arsenal ko na Real Madrid tun daga gola har na kan benci, amma in ka tambaye shi wa ya ci wa Nijeriya ƙwallo ran da ta fara ɗaukar kofin Afirka, sai ya kama susar ƙeya. Ban ga laifinsa ba, domin ba wanda ya zauna ya ba shi labarin da harshen da yake ji.

Abin da nake nufin nunawa a nan guda ɗaya ne. Ƙungiyar ƙasa ba daga sama take faɗowa ba. Duk lokacin da ka ga ta yi tashe, in ka bi sawu za ka iske akwai wata ma'aikata, ko makaranta, ko kulob na cikin gida, da ya yi renon 'yan wasan tun suna ƙanana. Jiharmu ta Kaduna kuwa tana da babban rabo cikin tashen da ya fi kowane girma, ko da yake ba kasafai ake faɗi ba.

Ƙwallo ta biyo layin dogo

Turawa ne suka kawo wasan ta bakin teku, ta Kalaba da Ikko, watau Legas, cikin makarantun mishan da barikokin soja da ma'aikatun gwamnati. Shi ya sa in ka dubi kulob-kulob na farko za ka ga duk sunayen wuraren aiki ne: akwai Reluwe, da Marine ta ma'aikatan jiragen ruwa, da PWD ta ma'aikatar ayyuka, da UAC ta kamfani, da ta 'yan sanda. Mutum da safe akawu ne ko makaniki, da la'asar kuma ɗan ƙwallo. A 1945 aka fara gasar Kofin Gwamna, wadda daga baya aka sake wa suna Challenge Cup. Kulob ɗin Ikko suka yi ta cinye shi, musamman Reluwe, har sai 1953 da ƙungiyar Kano ta ɗauko shi ta kawo Arewa.

Nan Arewa ma jirgin ƙasa wasan ya biyo. Ya sauka Kaduna da Zariya da Kano da Jos, ya yi masauki a Sabon Gari da bariki da makarantun gwamnati irin su Kwalejin Barewa. Jirgin nan ta ƙasarmu yake ratsawa tsakanin Zariya da Kano, amma mu bai sauke mana tamaula ba, sai dai ya ɗebi auduga da gyaɗa ya wuce. Wasanninmu na ƙarfi su ne dambe da kokawa da langa, su ma sai an kawar da amfanin gona. Iyaye kuwa suna ɗaukar bin ƙwallo shiririta ce mai hana yaro zuwa gona da makarantar allo. Saboda haka 'yan Arewa na farko da suka shiga ƙungiyar ƙasa yawanci 'ya'yan ma'aikata ne da suka tashi a waɗancan garuruwa na bakin dogo. Mai karatu ya riƙe wannan, don za mu komo kansa.

A watan Agusta na 1949 aka zaɓi 'yan wasa 18 aka sa su a jirgin ruwa mai suna Apapa zuwa Ingila, kyaftin ɗinsu Etim Henshaw. Cikinsu akwai Teslim Balogun, wanda ake wa laƙabi da "Thunder" saboda ƙarfin bugunsa, da Dan Anyiam, da John Dankaro daga Jos. Yawancinsu ba su sa takalmi, sai dai su naɗe ƙafa da bandeji. A wasan farko suka ci wani kulob mai suna Marine Crosby 5 da 2, Turawa suka yi ta mamaki. Amma in aka yi ruwa fili ya yi santsi, sai rashin takalmin ya cuce su. Wasa 9 suka yi, suka ci 2, suka yi kunnen doki a 2, aka cinye su a 5. Kan hanyar komowa jirgi ya tsaya Firitawun, suka kara da Saliyo ran 8 ga Oktoba, 1949, suka ci 2 da nema. Wannan shi ake ƙirgawa wasan Nijeriya na farko da wata ƙasa.

A lokacin jajayen riguna suke sawa, ana ce da su Red Devils, watau jajayen shaiɗanu. Babbar abokiyar gabarsu ita ce Gwalkwas, wadda ta zama Gana, kuma a hannunta suka sha kashin da ba su taɓa shan irinsa ba, 7 da nema a Akara, a 1955. Da aka sami mulkin kai sai aka koma launin tuta, suna ya zama Green Eagles. Fitarsu ta farko gasar kofin Afirka a 1963 ba ta yi daɗi ba: Masar ta ci su 6 da 3, Sudan ta ci su 4 da nema, suka tattaro kayansu. Abin tunawa kawai a waɗannan shekaru shi ne wasannin Olamfik na Meziko a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, inda ƙungiyar da aka gina bisa kulob ɗin Stationery Stores na Ikko ta zura wa Birazil ƙwallo 3 kafin hutun rabin lokaci, daga baya Birazil ta rama duka, aka tashi 3 da 3.

Daga ƙarshen yaƙi zuwa kofin farko

Bayan yaƙi abubuwa biyu suka haɗu, kuɗin mai da kulob masu ƙarfi. An buɗe babban filin wasa na Surulere a 1972, kuma a shekarar aka fara gasar lig ta ƙasa baki ɗaya, Mighty Jets ta Jos ta cinye. A Inugu aka kafa Rangers a 1970, a Badun ga IICC Shooting Stars, a Binin ga Bendel Insurance, a Kano ga Raccah Rovers wadda ta ci lig a 1978. IICC ta ɗauki ɗaya daga cikin kofunan Afirka na kulob-kulob a 1976, Rangers ta gaje ta a 1977. Daga waɗannan aka tsamo ƙungiyar ƙasa, kuma sakamako bai ɓata lokaci ba. An ci lambar zinariya a wasannin ƙasashen Afirka na 1973 a Ikko, bayan an doke Gini 2 da nema. An zo na uku a Habasha a 1976 ƙarƙashin wani koci ɗan Yugoslabiya da ake kira Father Tiko, inda Haruna Ilerika da Baba Otu Mohammed na Mighty Jets suka yi suna. An kuma maimaita na uku a Gana a 1978.

Cikin wannan zamani akwai baƙin ciki biyu. A 1976 ƙungiyar ta riga ta sauka Kanada don Olamfik, sai ƙasashen Afirka suka ƙaurace wa wasannin saboda batun wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, aka dawo ba a taɓa ƙwallo ba. Wannan kam ba wanda zai zargi gwamnati a kai, domin dalili ne mai nauyi. Na biyu, a Nuwamba 1977, ana neman shiga kofin duniya, ɗan bayanmu Godwin Odiye ya sa kai ya ci gida a wasa da Tunisiya a Ikko, Tunisiya ta wuce.

Sa'an nan 1980 ta zo, Nijeriya ce mai masauki, ana wasa a Ikko da Badun. An ɗauko koci daga Birazil, Otto Gloria, kyaftin kuma Christian Chukwu na Rangers. Aka ci Tanzaniya 3 da 1, aka yi canjaras da Kwaddibuwa, aka ci Masar 1 da nema. A wasan kusa da na ƙarshe Felix Owolabi, wanda ya taɓa buga wa Raccah Rovers, ya ci Maroko ƙwallo ɗaya tilo. Ran 22 ga Maris aka shiga da Aljeriya, fili ya cika ba masaka tsinke, Shugaba Shehu Shagari na zaune yana kallo. Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ƙara ta uku, aka tashi 3 da nema. Malamanmu da suka ga zamanin za su tuna cewa a ƙauyukanmu ba talabijin, a akwatin rediyo aka ji, mutum goma sun kewaye rediyo ɗaya ana tattalin batir. Shagari ya ba kowane ɗan wasa gida a unguwar Festac da mota Fijo 504, wadda a Kakuri ta Kaduna ake harhaɗa ta. Abin lura shi ne, kusan duk 'yan wasan nan a gida suke wasa. Wanda ya gan su da rigar ƙasa ran Asabar zai iya ganinsu da rigar kulob a Kaduna ko Kano mako na gaba.

Shekarun da suka biyo baya na kusa-da-ci ne. Aljeriya ta rama a 1981, ta zo har Ikko ta ci 2 da nema ta hana mu kofin duniya. An kai wasan ƙarshe na kofin Afirka sau uku, an fāɗi duka: Kamaru ta ci 3 da 1 a Abijan a 1984, ta ƙara da 1 da nema a Maroko a 1988 bayan alƙalin wasa ya soke ƙwallon da Henry Nwosu ya ci da ka, Aljeriya kuma ta ci 1 da nema a gidanta a 1990. A 1988 ne aka sauya suna zuwa Super Eagles. Ran 12 ga Agusta, 1989, Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya fāɗi a fili ana wasa da Angola a Ikko, ya cika.

Auduga, masaƙa da Rashidi Yekini

A nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu, don haka zan ɗan daɗe.

Tun 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, wasu suka biyo baya, cikinsu har da babbar masaƙar UNTL. Audugar da suke saƙawa daga gonakin Lardin Zazzau da na Katsina take fitowa, a gurje ta a Zariya ko Funtuwa a yi gaba da ita. Kakanninmu na Ikara da Makarfi da Kudan suna cikin masu noma ta. Waɗannan masaƙu sun tara dubban ma'aikata daga kowace kusurwa ta Nijeriya, Bayarabe da Inyamiri da Tibi da Idoma da Bahaushe, suka hayayyafa a Kakuri da Tudun Wada da Unguwar Rimi, 'ya'yansu suka tashi da Hausa a baki da ƙwallo a ƙafa. Kuma al'adar nan ta zamanin Reluwe ba ta mutu ba, kowace babbar ma'aikata tana riƙe da kulob. UNTL tana da nata, ma'aikatar ƙera makamai ta DIC tana da DIC Bees, wadda daga baya ta zama Ranchers Bees.

A wannan Kaduna aka haifi Rashidi Yekini a 1963, iyayensa mutanen Kwara ne. A kulob ɗin UNTL ya fara, daga nan Shooting Stars ta ɗauke shi, ya bi ta Abiola Babes, ya tafi Abijan, ya haye Fotugal. Ya ci wa Nijeriya ƙwallo 37, kuma an yi fiye da shekara 25 bayan ya daina ba a sami wanda ya kamo shi ba. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da aka zaɓa gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, a 1993. To, ina so mai karatu ya bi zaren nan da kansa: manomi a Kudan ya kai auduga kasuwa, masaƙa ta saya ta saƙa ta ci riba, daga ribar ta sayi riguna da takalma ta biya yara alawus, cikin yaran aka sami Yekini. Manomin nan bai taɓa shiga filin wasa na Ahmadu Bello ba, amma guminsa na cikin abin.

Ranchers Bees kuwa ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na kulob-kulob masu riƙe da kofin ƙasarsu a 1988, ta ci kofin Afirka ta Yamma a 1989. A cikinta wani koci ɗan Holan, Clemens Westerhof, wanda ya karɓi ƙungiyar ƙasa a 1989, ya tsinci yaro ɗan shekara 17 mai suna Daniel Amokachi ya tafi da shi Aljeriya a 1990. Amokachi haifaffen Kaduna ne, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Westerhof mutum ne mai taurin kai da yawan faɗa da hukuma, amma yana da hali guda da nake ganin ya fi duk dabarunsa amfani: yakan shiga mota ya bi filayen ƙasar nan yana kallon wasan lig da idonsa. Daɗin daɗawa an bar shi shekara biyar a kan aiki, abin da ba a saba yi wa koci a Nijeriya ba.

Wani zai ce ai ƙungiyar 1994 kusan duk a Turai suke wasa. Gaskiya ne. Stephen Keshi ne ya buɗe ƙofar, ya tafi Kwaddibuwa a 1985, ya wuce Beljiyam a 1986, shekarar da aka fara karya darajar naira, sauran suka bi shi. Amma kowannensu sai da ya nuna a gida kafin ya fita: Keshi a New Nigerian Bank ta Binin, Finidi George a Sharks ta Fatakwal, Sunday Oliseh da Emmanuel Amuneke a Julius Berger, Yekini da Amokachi a Kaduna. Turai ta goge su ne kawai, ba ita ta ƙera su ba.

Ran 8 ga Oktoba, 1993, daidai shekara 44 da wasan Firitawun, Finidi ya ci ƙwallo a Aljeriya aka tashi 1 da 1, Nijeriya ta sami shiga kofin duniya karo na farko. A Afrilu 1994 aka ɗauki kofin Afirka na biyu a Tunisiya. Abokiyar karawa ita ce Zambiya, wadda 'yan wasanta suka halaka a haɗarin jirgin sama kusa da Gabon shekara guda kafin nan, ta sake gina ƙungiya daga tushe. Duk mai imani ya ji tausayinsu, amma Amuneke ya ci biyu aka tashi 2 da 1. Yekini ya fi kowa ci a gasar, da ƙwallo 5. A watan nan hukumar FIFA ta sa Nijeriya ta 5 a duniya, matsayin da ba wata ƙasar Afirka da ta taɓa kaiwa.

A Amurka aka fara da Balgeriya. Finidi ya miƙo, Yekini ya tura, ya bi ƙwallon cikin raga ya kama ragar yana girgizawa yana kuka. Amokachi ya ci ta biyu, Amuneke ta uku. Watau ƙwallaye biyu na farko da Nijeriya ta ci a kofin duniya 'yan Kaduna ne suka ci su. Ajantina ta Maradona ta ci mu 2 da 1, muka ci Girka 2 da nema, Amokachi ya ƙara ɗaya. Sai Italiya. Amuneke ya ci tun da wuri, an kori ɗan wasansu Zola, saura minti biyu a tashi, Roberto Baggio ya rama, ya kuma ci fenariti a ƙarin lokaci. Kafin nan Amokachi da Amuneke duk sun ji ciwo sun fita, kuma a ganina wannan ne ya karya ƙungiyar fiye da kome.

Shekara biyu bayan haka aka je Olamfik na Atlanta. Wannan ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara 23 ce da manya uku, amma ba a raba tarihinta da na babbar. Cikin 'yan wasa 18, biyar haifaffun Kaduna ne: Amokachi, da Tijjani Babangida, da Garba Lawal, da Celestine Babayaro da wansa Emmanuel. Birazil na gaba da 3 da 1 saura minti goma sha biyu, mutane da yawa sun kashe talabijin sun kwanta, Victor Ikpeba ya ci, Nwankwo Kanu ya rama a minti na ƙarshe, ya kuma ci ta huɗu a ƙarin lokaci. Ran 3 ga Agusta, 1996, aka doke Ajantina 3 da 2. Babayaro ya ci ta farko, Amokachi ta biyu, Amuneke ta uku. Ita ce zinariyar ƙwallon ƙafa ta farko da Afirka ta samu a Olamfik, kuma biyu cikin ukun nan ma na Kaduna ne.

Yadda aka yi ta zubar da gari

Abin takaici, ƙungiyar da ta fi kowace ƙarfi a tarihinmu kofin Afirka ɗaya kawai ta ɗauka. A 1996 Janar Sani Abacha ya hana ta zuwa Afirka ta Kudu kare kofinta, saboda rikicinsa da Nelson Mandela kan rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Nuwamba 1995. Hukumar ƙwallon Afirka ta hukunta mu da hana shiga gasar 1998. Gasa biyu ke nan suka wuce 'yan wasan suna kan ganiyarsu. A Faransa a 1998 an ci Sifen 3 da 2, inda Garba Lawal ya bugo ƙwallo golansu Zubizarreta ya tura cikin ragarsa, Oliseh kuma ya ɗirka ta uku daga nesa. Amma aka shiga wasa da Denmak ana lissafin Birazil, Denmak ta ci 4 da 1, Babangida ne ya ci ɗayar. A 2000 muka yi masauki tare da Gana, har Kano aka yi wasanni. Babangida ya ci Afirka ta Kudu biyu ya kai mu wasan ƙarshe, aka yi 2 da 2 da Kamaru a Ikko, a bugun fenariti ƙwallon Ikpeba ta daki ƙarfe ta faɗa bayan layi, alƙali ya ce ba ta shiga ba. Sau uku ke nan Kamaru tana hana mu kofi.

Daga nan sai aka shiga zamanin na uku: 2002, 2004, 2006, 2010. Shu'aibu Amodu ya kai ƙungiyar kofin duniya sau biyu, na 2002 da na 2010, duka biyun aka sallame shi kafin a tafi. A Yuni 2005 Angola ta riƙe mu 1 da 1 a Kano, muka rasa kofin duniya na 2006, jaridun kudu suka ɗora laifin kan zafin ranar Kano, sai ka ce 'yan Angola a inuwa suka yi nasu wasan. An manta cewa tun 2004 an sha kashi 1 da nema a Luwanda, kuma wannan ne ya raba gardama da maki ya zo ɗaya. A 2010 aka kori Sani Kaita a wasa da Girka, aka fito a zagayen farko, Shugaba Jonathan ya ce ya dakatar da ƙungiyar shekara biyu, FIFA ta yi barazana, ya janye cikin 'yan kwanaki. Gasar Afirka ta 2012 ko zuwa ba a yi ba.

Keshi ya karɓi aiki, ya yi abin da Westerhof ya yi: ya koma lig na gida ya tara yara a sansani wata da watanni. Ya tafi Afirka ta Kudu a 2013 da shida daga cikinsu, har da Reuben Gabriel na Kano Pillars, ana ta yi masa dariya. Ɗaya daga cikin shidan, Sunday Mba, shi ya ci Kwaddibuwa ta Drogba ƙwallon da ta fitar da ita, shi ya kuma ci Burkina Faso ran 10 ga Fabrairu aka ɗauki kofi na uku. A waɗannan shekaru Kano Pillars ta ci lig sau uku a jere, 2012 zuwa 2014, kuma daga cikinta Ahmed Musa, haifaffen Jos, ya fita Turai a 2010. Musa ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Aisland biyu a 2018, ya buga wa ƙasa wasa fiye da 100. Ba ɗan Nijeriyar da ya kai shi cin ƙwallo a kofin duniya.

Amma kofin 2013 bai gyara halin hukuma ba. A Birazil a 2014 'yan wasa suka ƙi fita atisaye saboda kuɗinsu, kwana kaɗan kafin Faransa ta fitar da su. Aka rasa gasar Afirka ta 2015. A Maris 2016 aka kawo wasa da Masar Kaduna, aka buɗe ƙofa kyauta, jama'a suka ninka abin da filin Ahmadu Bello zai iya ɗauka, wasu har kan turakun fitilu. Allah ya kiyaye ba a yi asarar rayuka ba. Mohamed Salah ya rama ana dab da tashi, aka rasa gasar 2017 ma. Keshi da Amodu suka rasu a watan Yunin shekarar, kwana uku tsakani. Yekini kuwa tun 2012 ya riga su, a Badun, cikin kaɗaici.

In an haɗa lissafi, Nijeriya ta ɗauki kofin Afirka sau 3, a bayan Masar mai 7 da Kamaru mai 5 da Gana mai 4. Ta fāɗi a wasan ƙarshe sau 5. Ta je kofin duniya sau 6, ta tsallake zagayen farko sau 3, ba ta taɓa wuce zagaye na biyu ba, alhali Kamaru da Sanagal da Gana sun kai na kusa da na kusa da ƙarshe, Maroko kuma ta zo ta huɗu a 2022. Ga ƙasar da ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau 5, wannan lissafi bai kai ba.

A Kakuri kuwa, Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, manomanmu suka bar auduga suka ƙara ƙarfi kan rake da masara da tumatir da barkono. Kulob ɗin ma'aikatu suka bi iyayen gidansu, abin da ya saura yawanci na gwamnatocin jiha ne, masu rayuwa da mutuwa bisa ra'ayin gwamna mai ci. Kaduna United ta ci kofin ƙasa a 2010, ba a jima ba ta fāɗo daga babban lig. Yaron Kaduna mai baiwa yanzu makarantar ƙwallo ta masu zaman kansu yake nema, da dillalin da zai fitar da shi. Sadiq Umar, wanda ya ci biyu ran da aka samo tagulla a Olamfik na Riyo a 2016, tun yana ɗan saurayi ya tafi Italiya, 'yan kallon gida ba su san shi ba sai da ya yi suna a waje. Wanda ke ƙauye irin namu, inda ba dillali ba masaƙa, hanyarsa ta fi ta zamanin Yekini tsawo.

Ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe a Abijan ran 11 ga Fabrairu, 2024, inda Kwaddibuwa ta ci 2 da 1, mutum ɗaya tak ke cikinta daga lig na gida, shi ma gola ne na benci. William Troost-Ekong da ya ci mana ƙwallon a Holan aka haife shi, Ademola Lookman da Ola Aina a Landan, Calvin Bassey a Italiya. 'Yan Nijeriya ne, sun kuwa yi wa ƙasa aiki da zuciya ɗaya, ba ni da ja a kan wannan. Amma renonsu na wasu ne, mu girbi kawai muka zo. Victor Osimhen ya zama gwarzon Afirka a 2023, Lookman a 2024, duk da haka Gana ta hana mu kofin duniya na 2022 a Abuja, 'yan kallo suka faɗa fili suka yi ɓarna. A Nuwamba 2025, a birnin Rabat, 'yan wasa suka sake ƙin fita atisaye saboda bashin alawus, kwana biyu kafin wasa da Gabon. Sun ci Gabon, amma ran 16 ga wata Kwango ta fitar da su a bugun fenariti bayan an tashi 1 da 1. Kofin duniya biyu ke nan a jere ba Nijeriya, abin da bai taɓa faruwa ba tun 1994. Wata biyu bayan haka, a can Maroko ɗin dai, suka doke Masar a fenariti suka zo na uku a kofin Afirka, karo na tara.